Rasuwar Hajiya Ɗaso Mai Reno ta Unguwar Mansur

Cikin alhini, a madadin Ƙungiyar Mata Masu Aikatau ta Unguwar Mansur da ke Makka, nake sanar da al'umma, musamman ɗanta Malam Ma'aruf da sauran iyalanta da ke Gusau, rasuwar uwarmu, uwar ƙungiya, Hajiya Ɗaso Mai Reno, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A yi mini haƙuri, ban iya rubutu ba, da baki nake faɗa ana rubutawa.

Hajiya ta zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ta zauna. Ta yi wanke-wanke a gidajen Larabawa, ta goge benayen alhazai a Aziziyya har gwiwoyinta suka gaza. Sannan ta buɗe mana ɗakinta, duk mai fita aiki ta sauke mata goyo. In jami'an jawazat, masu farautar marasa takarda, suka kama ɗayarmu, ita ke riƙe yaran har a ji inda uwarsu take. Ɗiyata Rumaisa a cinyarta ta yi haƙori.

Ta fita sayo wa yara burodi ne ta yanke jiki ta faɗi a bakin titi, motar asibiti ta ɗauke ta. Yanzu haka gawarta na can ba suna, domin ba ta da iƙama, takardar zama, mu ma babu mai ita. Duk wadda ta je ta ce ta san ta, tata takardar za a nema, daga nan sai jirgin mayarwa gida, 'ya'yanta kuma a nan, ba Hajiyar da za ta riƙe su. Wallahi muna son zuwa, ƙafa ce ta ƙi.

Saboda haka ƙungiya na roƙon malamanmu masu daraja da ɗalibanmu masu karatu a garin nan, ku da kuke da takarda, don girman Allah mutum ɗaya ya je ya faɗi sunanta, a ba mu ita, a sallace ta a Harami, kada a binne ta a matsayin wadda ba ta da kowa.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makoma, Ya ba iyalanta da mu haƙurin rashi.

Sa hannu:
Maman Rumaisa,
Mai magana da yawun ƙungiya.
Cikakken sunana, don Allah, wanda ya sani ya riƙe a cikinsa.