Ranar da Hindawiyya Ta Yi wa Ɓarar da Ƙwallo Guɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga mahaifinta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zauna ne in kawo maka labarin autanka Bilal. Na san da kana nan, kai za ka fara ba da shi a ƙofar masallaci, ka ƙara masa gishiri har ni da aka yi a gabana in kasa gane shi. Tunda ba ka nan, bari in ba ka shi yadda ya faru.

Ka tuna filin nan na bayan makaranta a Hindawiyya, unguwarmu ta nan Jidda, inda kake tara yaran unguwa bayan La'asar, usur a wuya, kana kocin da ba wanda ya naɗa. Bilal ya fi kowa ƙarfin ƙafa, ya kuma fi kowa ba ka haushi. In ya sami ƙwallo a gaban raga sai ya ɗaga ta, ta tsallake sanda, ta tsallake katanga, ta faɗa rufin mutane. Kai kuma ka dafe kai kana cewa, "Ya waladi, kai ɗana, tsuntsu kake harbi? Kwantar da ita ƙasa!" Maganar har ta bi mu gida. Ni da kowa ya san bakina, in na ɗaga murya sai Umma ta ce, "Zulai, kwantar da ita ƙasa."

Kai ka raka shi filin jirgi lokacin da zai tafi Amurka karatun injiniya. Kana raye aka kawo mana labarin cewa wani mai horar da 'yan wasa na jami'arsu ya gan shi yana dukan ƙwallonsu don nishaɗi, ya ce ya zo gwaji. Ƙwallon nan mai siffar gwanda, wadda ƙarti ke runguma suna ture juna. Aikin Bilal a ciki guda ɗaya ne: ya zauna a benci, in an kira shi ya fito ya buga ƙwallon ta bi ta saman sanda, tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu. Da na yi maka bayani sai ka ce, "Ya'ani akwai ƙasar da ake tafa wa mutum don ya ɓarar?" Amma na gan ka daga baya kana nuna wa abokanka hotonsa cikin hular ƙarfen nan da suke sawa a wasan.

Ranar da ka rasu, an yi maka sallah an rufe ka kafin ya sami jirgi. Ya yi ta kuka a waya, Umma ta ce ya zauna ya gama zangon karatunsa. Tun daga nan bai tako Jidda ba. Shi ya ɗaura wa kansa alƙawari, ba wanda ya sa shi: zai zo hutun hunturu, kuma ba zai tsaya a kabarinka ba sai da nasara a hannu.

Ga yadda tsarinsu yake, Baba. In kakar wasa ta ƙare, ana gayyatar jami'o'in da suka yi ƙoƙari su buga babban wasa guda ɗaya na rufewa, da kofi, a wani gari mai nisa. Babu ramuwa, babu zagaye na biyu. In an ci ka, da wannan ɗacin za ka zauna har shekara ta zagayo. Jami'arsu Bilal ta daɗe ba ta sami wannan gayyata ba, bana ta samu, magoya baya suka kwashi iyalansu suka bi su.

Mu ma muka yi namu shirin. Tsakar ranarsu ita ce bayan Magaribarmu, don haka na hau da talabijin saman gida, aka shimfiɗa darduma, mata gefe maza gefe. Amininka Ammu Sale ya rufe wurin tsirensa ya hauro da tire guda, ya ce ba mai taɓawa sai an ci kofi. Tsofaffin majalisarku duk suka zo. Na tsaya a gabansu na yi bayanin dokar wasan dalla-dalla, na maimaita cewa a nan sama ake so, ba ƙasa ba. Suna ta gyaɗa kai suna gardamar wanda ya cika wa shayi sukari. Ni kuma na jingina wayata a jikin tankin ruwa tana ɗaukar mu, don in tura wa Bilal murnarmu in an gama.

Wasa ya yi nisa ba a ga ɗanka ba sai a benci. Umma ta gaji ta ce, "Shi zama ya je yi?" Da aka kira shi bugun farko, ya ɗaga ta ta bi ta saman sanda, tsaf yadda ake so. Na yi tsalle ina ihu ni kaɗai. Ina juyowa na ga tsofaffinka sun dafe kawuna, Ammu Sale yana cewa, "La haula, har yanzu bai daina ba." Na sake bayani, har da zane a iska. Suka ce, "Halas, shi ke nan, mun gane."

Sai ga ƙarshen wasa. An fi su Bilal da maki biyu, bugun Bilal kuma uku ne, lokaci ya ƙare saura wannan bugun kaɗai. Wurin da nisa ƙwarai, ga iska tana kaɗa tutoci. Na ga ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi. Umma ta riƙe hannuna har ya yi min zafi. Ya buga. Ƙwallon ta tafi a miƙe da ƙarfi, ta tafi, ta tafi, sai ta fara sauka, ta wuce ta ƙarƙashin sanda, can kusurwar da babu golan duniya da zai kai.

Baba, rufin gidanka ya kusa rushewa. Umma ta saki hannuna ta rangaɗa guɗar da tun bikina ban ji irinta ba. Ammu Sale ya jefa hularsa sama yana "Gol! Gol, wallahi! Mabruk ya jama'a!" Dattawan da ke sallah a kujera saboda gwiwa suka miƙe suna rungumar juna. Maƙwabta suka leƙo ta taga suna tafi ba su san me ake yi ba. A cikin talabijin kuwa, ga ɗalibai da fenti a fuska suna hawaye, ga wani tsoho da rigar jami'ar ya rufe ido da hannu biyu, ga ɗanka a durƙushe a tsakiyar fili. Hali zanen dutse. Duk bayanin da na yi, idon da ya tsufa yana kallon raga ya shafe shi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Na daka musu tsawa na ce an cinye mu. Umma ta dubi talabijin ta dube ni, ta ce, "Ba ta shiga ba?" Ammu Sale ya ɗauko hularsa ya kaɗe ta, ya ce, "A dokar wa? Ni dai na ga gol, kuma ubansa ma da gol zai kira shi." Ya buɗe tire ya fara raba tsire. Aka cinye tas, ni kaɗai na ƙi ci.

Daga nan Bilal ya kashe wayarsa. Na leƙa shafukan magoya bayansu, na ga abin da ba zan maimaita maka ba. Mutanen da suka yi doguwar tafiya suka koma gida hannu rabbana, wasu suna kuka da gaske, wasu kuma suka juye ɗacinsu a kan yaron da ya buga ƙarshe. Na fara rubuta musu amsa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ba zan iya da su duka ba. Da saƙonsa ya zo, gajere ne, da Larabci, ka san Hausarsa ta ji ce ba ta magana ba. Ya ce mu yafe shi, ya bar wasan, kuma ba zai zo hutu ba, don ba shi da idon da zai kalli unguwa, balle kabarinka.

Na karanta wa Umma saƙon. Ta ci gaba da turara ɗakinsa kowace safiya, abinci kuma sai ta taɓa ta ture. Tsoro ya kama ni, Baba. Na ga mun rasa ka, muna shirin rasa shi yana raye. Na tura masa nasiha, na tura masa ayoyi, na tura masa faɗa irin nawa. Yana buɗewa, ba ya amsawa.

Umma ce ta ce in tura masa abin da wayata ta ɗauka a saman gida. Na ce wannan ai zolaya ce, gishiri ne a kan gyambo. Ta ce, "Yalla, maza tura masa shirmenmu. Ni na haife shi." Na tura ina ƙunƙuni.

Ban kai ga ajiye wayar ba ta yi ƙara. Na ɗauka, ba sallama, sai dariya. Dariya yake har numfashinsa na ɗaukewa, yana maimaita "A dokar wa?" da muryar Ammu Sale. Can dariyar ta juye kuka, kuka na gaske, wanda ina jin tun rasuwarka yake ɗauke da shi. Na miƙa wa Umma wayar na fita, don ni ma nawa ya zo.

Ashe daga baya ya nuna wa abokan wasansa bidiyon. Ƙartin nan da suka yi kwanaki ba mai kallon wani, suka taru a kan waya ɗaya suna faɗuwa don dariya. Har suka aiko mana da nasu, suna ƙoƙarin yin guɗa, hannu a hanci. Umma ta kalla ta ce Allah Ya ba su lafiya, amma kada su ƙara.

Ya zo, Baba. Ya zo ranar Juma'a. Tun daga bakin lungu dattawanka suka tare shi kamar wanda ya ciyo kofi. Sun so su ɗaga shi, bayansu ya ƙi, sai suka zaunar da shi a kujerar roba suka kewaye shi. Ammu Sale ya rataya masa tsohon usur ɗinka a wuya. Umma ta yi guɗa karo na biyu, wannan karon har da ni. Bayan an sauko daga masallaci ya tafi maƙabarta ya tsaya a kanka, ya daɗe. Ni da ba na shiga can, wannan wasiƙar ce tawa ziyarar.

Ya ce zai koma, zai kuma buga baɗi. Yanzu kullum bayan La'asar yana filinka na bayan makaranta, yana harba ƙwallo sama iya ƙarfinsa, ba mai yi masa faɗa. Magoya bayansu suna can suna jiran shekara ta zagayo su huce. Allah Ya ba su haƙuri, na san zafin da suke ji. Mu dai a Hindawiyya mun riga mun ci namu wasan, tsiren ma mun cinye.

Daren da ya iso na tambaye shi abin da leɓensa ke faɗa kafin bugun. Ya ce ya ga iskar ta yi yawa, ya san in ya ɗaga ƙwallon za ta kwashe ta, sai muryarka ta faɗo masa. Ka yi shekaru kana faɗa bai ji ba, Baba. Rana ɗaya tak ya ji maganarka, a gaban duniya, ya kwantar da ita ƙasa. Su suka ce an ci shi, mu kuma ita ta dawo mana da shi gida.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Allah Ya ƙara wa Umma lafiya, Ya tsare maka autanka a duk inda ƙafarsa ta kai shi, Ya haɗa mu da kai a inda ba a rabuwa. Amin.

Ɗiyarka mai ɗaga murya,
Zulai