Bangon Marigayi Yana Zubar da Gari

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni gwauruwa ce a Makera, da 'ya'ya uku. Mijina Ɗanjuma ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya rasu a 1984. Kafin ya rasu ya ƙawata gaban gidanmu da farin dutsen nan da ake yin siminti da shi. Ƙaninsa Jethro, direban babbar mota, shi ya kwaso masa daga Binuwai. Da hannunsa ya jera su, har mutane kan tsaya kallo.

To bara wani tela mai suna Sylvanus, ɗan cocinmu, ya nemi aurena. Mutum ne mai haƙuri, yarana sun saba da shi. Na amsa. A daminar nan kuma sai duwatsun suka fara zubar da gari, in na yi shara da safe sai in tarar da farin gari a gindin bango. Wasu sun rarake kamar gara ta ci, na kusa da su kuwa sumul. Surukata ta zo ta gani, ta zauna a ƙasa tana kuka, wai ɗanta ne bai yarda da auren ba. Maganar ta kai har zumuntar mata ta coci. Ni ma na tsorata, na daina cin abinci, na ce wa Sylvanus a ɗaga biki.

Sai Allah ya kawo maƙwabcinmu Malam Shehu, mai aiki a ofishin binciken ma'adinai. Ya ɗiga ruwa a kan dutse biyu. Ɗaya ya shanye nan take, ɗayan ruwan ya gangare. Ya ce ko daga rami ɗaya aka fasa su, jikinsu ba ɗaya ba ne. Mai manyan ƙwayoyi da ƙofofi yana shan ruwa kamar soso, ruwan da ya gauraya da hayaƙi kuma yana cinsa ta ciki. Mai laushin jiki a matse yake, shi ya sa bai yi komai ba. Gwaggo, ranar na ci tuwo har na ƙara. Amma Mama, surukar tawa, ta ƙi saurare, ta ce boko bai san komai game da matattu ba. Ba na son in yi aure tana fushi da ni. Yaya zan yi?

Uwar Uku, Makera

'Yata, na yi murna da hankalinki ya kwanta. Bayanin maƙwabcinki daidai ne. Dutsen ya fara shan ruwa tun daminar farko, mijinki yana raye yana shiga yana fita ta gabansa. Yanzu ne kawai ɓarnar ta fito fili.

Sai dai kada ki ɗauki surukarki abokiyar gaba. Bangon nan aikin hannun ɗanta ne. Tana ganin yana zubewa, ga ki kuma za ki zama matar wani, ga jikokinta za su kira wani Baba. Tsoronta kenan, kuma ɗiga ruwa a kan dutse ba zai cire shi ba.

Ki kira Jethro, tunda shi ya kawo duwatsun, kuma Mama za ta fi jin maganarsa. Ya samo masu matsattsen jiki a musanya waɗanda suka lalace, a sa indararo don ruwan kwano ya daina sauka a kansu. Kada a shafe su da fentin mai, zai kulle damshi a ciki. Sylvanus ya sa hannu a gyaran, Mama tana zaune tana kallo. Sannan ki je gidanta da yaran, ki faɗa mata da bakinki cewa gidan na 'ya'yan Ɗanjuma ne, kuma ƙofarsa a buɗe take gare ta kullum.

In ta sauko, madalla. In ba ta sauko ba, ki ci gaba da gaishe ta, amma ki sa ranar bikinki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya yaran.