Ruwa Ya Fita Daga Gidana, Ya Tsaya a Bakin Titi

Zuwa ga Mai Girma sabon Kansilan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina taya ka murnar kujerar da Allah ya ba ka. Sunana Yagana, mai turaren wuta a Soron Ɗinki. Kakana ne ya taso daga Borno ya gina gidan da nake ciki, nan aka haife ni, nan kuma na dawo bayan rasuwar maigidana. Lokacin soja ko ƙorafi za mu yi sai mun rage murya. Yau ga ni ina rubuta wa hukuma wasiƙa a jarida, da sunana a ƙasa. Alhamdu lillahi.

Na farko, tushen matsalar. Tun tasowata ruwan sama bai taɓa zama a gidanmu ba. Zai sauko ta indararo, ya bi gangaren tsakar gida, ya fice ta rariya. Sai wata shekara aka turo ɗan kwangila ya zuba marmara a lungunmu, ba a tambayi kowa ba. Lungu ya fi gidaje tudu, rariyoyinmu suka binne. Tun daga nan, da an yi ruwa sai na waje ya shigo ta soro ya haɗu da na ciki. Daminar bara har gwiwata ya kai. Itacen turaren da na tsuma duk ya lalace, katangar ɗakin mahaifiyata ta jiƙe har ta tsage, ga ta tsohuwa, ba ta tashi sai an riƙe ta.

Ruwan nan har zumunci ya ci. Maƙwabcina Malam Bukar maɗinkin hula, wanda kakansa da nawa tare suka zo Kano, damina uku ba ma gaisawa. Ni ina cewa indararonsa ke zuba a katangata, shi yana cewa ni na toshe wa ruwa hanya.

Na biyu, abin da muka yi da hannunmu, kuma nan ne daɗin labarin. Kafin ruwan bana ya sauka, sai ga Malam Bukar da kansa ya yi sallama a sorona. Ya ce ya gaji da gaba, kuma ya tuna mahaifinsa ya taɓa gaya masa akwai magudanar dutse a ƙarƙashin lungun nan, aikin kakanninmu. Muka kai wa mai unguwa magana, aka sa ranar aikin gayya. Maza suka fito da diga da shebur, mu mata muka ɗora tukwane. Wajen azahar diga ta daki dutse. Ranka ya daɗe, magudanar tana nan yadda aka jera ta, ƙasa kawai ta cika ta. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, mata suka amsa daga gida zuwa gida.

Kwana uku aka yi ana yashe ta. Magini ya sake mini daɓen tsakar gida ya ba shi gangare, ya buɗe rariya ya sa mata raga saboda shara. Malam Bukar ya juya indararonsa ya kalli lungu, ni kuma na aika wa iyalinsa humra mai kyau. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, mahaifiyata ta sa na zaunar da ita a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon ruwa yana gudu yana ficewa, sannan ta yi dariya ta ce ashe bai manta hanyarsa ba. Rabon da in ji dariyarta haka na manta.

Na uku, kukana. Ruwan da muka kora yana isa bakin titi sai ya tsaya cak, domin kwalbatin da ke ƙarƙashin kwalta ya toshe, gefensa guda ma ya rufta. Titi na hukuma ne, ba mu da ikon fasa shi. Yanzu ruwan gidana a ƙofar Hajiya Ladi mai koko yake taruwa, gidanta ne na ƙarshe a lungun, masu sayen kokonta sai sun tattare riga. Ina jin nauyinta ƙwarai. Sau biyu na je ofishinka, duka aka ce kana taro. Ina tuna maka, lokacin neman ƙuri'a ka tsaya a sorona, ka ɗora hannunka a kan shatin ruwa a bango, ka ce da wannan za ka fara. Na yarda da kai, na dangwala maka, kuma har yau ban yi nadama ba.

Don haka ina roƙo a buɗe kwalbatin nan a gyara shi kafin marka ta kankama. A turo mota ta kwashe taɓon da muka tara a bakin lungu, kada ruwa ya mayar da shi inda muka ciro shi. A taimaka mana da marufan kankare mu rufe magudanar, saboda tsofaffi masu zuwa masallaci. Sannan duk ranar da za a sake taɓa lungunmu, a fara tambayar mazaunansa ta ina ruwa yake bi.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka gama lafiya mutane suna sa maka albarka. Kayan aikinmu suna nan a jingine, ba mu mayar ba. Ka sa rana kawai. Ma'aikatanka za su tarar mun riga su isa bakin titi, abincinsu kuma yana kan wuta.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Yagana mai turare,
Soron Ɗinki, cikin birnin Kano.