Aji Babu Kowa a Danwarai

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafarki, yaya su Shalom? Ni lafiya lau, barci ne kawai ba ya zuwa sosai.

Ajin da mishan ta turo ni in buɗe ya kai yara talatin. Amma ranar Litinin, ranar fara jarrabawa, na share ɗaki, na jira har azahar, ko yaro ɗaya bai leƙo ba. Kwana huɗu haka. Na ce shi ke nan, iyaye sun ƙi ni saboda addinina. Har na ɗaure jaka.

Maƙwabciyata Amariya ta gan ni, ta yi ta dariya. Ta ce, “Malama, dashen albasa mukai! Wa ka zama aji yanzu? Ɗiyan duk suna fadama.”

Ashe a makon dashe na sa jarrabawa, ban tambayi kowa ba. Yanzu fadamar nake bin su, muna dashe muna bitar karatu. Bayana kamar zai karye. Shugabanmu zai zo daga Jega ranar Laraba. In ya tarar da aji babu kowa, zai rufe.

Jakar tana bayan ƙofa, ban kwance ba. Ki aiko mini da man zafi, amma kada ki turo Yaya Silas ya ɗauke ni.

'Yarki,
Rhoda