Mararrabar Jirgin Baba

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Bahauddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Na'ima da yara. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya yi kyau a gonar Zandam, Hadijatu kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, ka tambaye ni a waya wace mararraba za ka ƙaro wa jirgin ƙasan wasan nan da ka kawo wa Baba, ƙarama lamba huɗu ko babba lamba shida. Na yi ta kame-kame ne don yana zaune kusa da ni. Don girman Allah babbar za ka saya. Na san za ka ce ɗakin ba zai ɗauke ta ba, to za mu fitar da kujerun, baƙi su zauna a tabarma. Ƙaramar da muke da ita lanƙwasarta a matse take, dogayen taragun in sun zo sauya layi sai su kife. Da fari Baba dariya yake yi, yana cewa duk zamansa a reluwe bai taɓa ganin aikin banza irin wannan ba. Yanzu ya daina dariya.

Ranar Laraba jirgin ya kife, sai Baba ya miƙe, wai akwai mutane a ciki. Kafin in sauke tukunya ya fice. A tsakiyar titin Maiduguri maƙwabcinmu Malam Munzali ya fizgo shi, Baba na kaɗa jar hula wai zai tsayar da jirgin da ke biye, ga tirela ta taho. Wallahi har yau in na ji ƙarar birki sai na ruga na duba ko yana ɗaki. Na ɓoye jirgin, ya ƙi cin abinci, dole na mayar masa. Gaba kura ke nan, baya siyaki. Likita ya ce tsufa ne ya taɓa tunaninsa, sai lallaɓawa. Ni dai tsoro nake ji, Yaya. In da hali kada ka ba kowa saƙon, ka taho da ita da kanka.

Ka gaishe min da Anti da su Khuzaima. Inna Aishatu ta Gwaram tana gaishe ka, haka ma Sulaimanu. Ba zan ce Baba yana gaishe ka ba, don da na ambaci sunanka jiya ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni a wace tasha kake aiki.

Ƙanwarka,
Rufaida.