Kazar Gwamnati

Litinin, 4 ga Mayu, 1959

An karɓe mu! Tun da aka samu mulkin kai aka buɗe wani ofishi mai taimakon masu ƙirƙira: rumfa kyauta, kayan aiki, da ɗan abin sakawa a aljihu. Na ja Saaka, maƙerin fitilun nan na unguwar Nyohini, da akwatinsa mai ƙyanƙyashe ƙwan zabi da zafin fitilar kananzir. Shi ya ƙera, ni na yi bayani. Saaka in ka bar shi da bakinsa ko gaisuwa sai ya ci bashi. Na ce wa Malam Osman, jami'in ofishin, wannan akwati zai cika Ghana da zabi har Ankara. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya taɓa ƙyanƙyashe ko ɗaya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ku yake jira."

Sharaɗi ɗaya: zai dawo ƙarshen Yuni. In ya ga 'yan zabi da rai, rumfa tamu ce har a fara ƙera na sayarwa. In bai gani ba, mu kwashe.

Alhamis, 7 ga Mayu

Mun tare. Maƙwabcinmu na dama yana haɗa injin ɓare gyaɗa da ƙafar keke, na hagu famfon rijiya da har yau iska kawai yake jawowa. Kowa na kallon na kowa yana dariya a ciki. Ni a takarda "sakatare" aka rubuta ni. Ya yi mini daɗi fiye da yadda zan faɗa wa mutum.

Talata, 12 ga Mayu

Ƙwai. Na je wurin Mma Lariba a kasuwa, ita ce mai tattaro na ƙauyuka. Na san in ta ji na ƙyanƙyasa ne, kuma da hannun gwamnati a ciki, farashi zai hau bishiya. Sai na ce mata suna ake yi a gidan yayata, baƙi za a ba. Ta ce, "Allah ya raya, Karaci," haka suke kiran duk wanda ya taɓa zaman bencin makaranta. Ta rage mini sosai, ta ce in dawo da la'asar. Na tarar da kwando a shirye, har da gyara. Na ce a raina, Masahudu, Allah ya bar ka da kanka!

Asabar, 23 ga Mayu

Saaka ya toshe taga, ya riƙa ɗaga ƙwai gaban fitila yana neman jijiya, alamar rai a ciki. Babu. Ya ɗaga wani. Babu. Ya ce ko zafi ya yi yawa, ya fara kwance bututun da ya yi wata yana daidaitawa. Sai ƙwai ɗaya ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa.

Bai fashe ba. Ya gangara.

Dafaffe ne. Duka dafaffu ne, da warin da ya kori mai famfo daga rumfarsa. Kusan sati biyu muna juya dafaffen ƙwai safe da yamma, da bisimilla. Saaka ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai yau.

Lahadi, 24 ga Mayu

Na samu Mma Lariba da fushin aro. Ta ce, "Kai ka ce suna. Na ce yarinyar nan mai jego ina za ta iya da dahuwa, na dafa maka da itacena. Godiyar kenan?" Sai na faɗi gaskiya. Duk layin masu ƙwai ya ji. Wata ta tambaye ni ko jaririn ya fara tafiya.

Abin da aka ba mu na ƙwai ya tafi, lokaci kuma saura ƙiris. Da Mma Lariba ta gama share hawayen dariya ta ce, "To akwatin naku ba kaza ba ce? A ƙauye zabuwa ba ta zaman kwanci, kazar maƙwabci muke sa wa. In ta ƙyanƙyashe, mai ƙwai ya ɗauki nasa, mai kaza ya ɗauki rabonsa. Ba a sayen komai." Na yi shekaru a kasuwar nan ban taɓa jin ciniki mai kyau haka ba, kuma ba ni na kawo shi ba.

Laraba, 27 ga Mayu

Mata sun cika rumfa, kowace da ƙwaryarta ta ƙwai. Kowace ta yi wa nata alama da gawayi: mai gicciye, mai ɗigo, mai zanen kifi. Mma Lariba ta leƙa cikin akwati ta gaishe shi da Dagbanci, wai kada kaza ta ji ba a girmama ta ba.

Laraba, 10 ga Yuni

Akwai jijiya. Na gani da idona, ja, tana motsi.

Laraba, 24 ga Yuni

Tun jiya suke fasowa. Malam Osman ya sauko daga mota ya tarar da rumfa ba wurin sa ƙafa, guɗa na tashi, mai injin gyaɗa yana kiɗa da gwangwani. Wasu ƙwan ba su yi ba, amma fiye da rabi sun fito, 'yan mitsi-mitsi masu zane a kai. Ya durƙusa da farin wandonsa yana kallo. Ya ce rumfa tamu ce, kuma za a kawo kwanon ƙera wasu akwatunan.

Sai aka zo rabo. Mma Lariba ta ce, "Kazar ta wa ce?" Na buɗe baki, ta riga ni: "Wa ya saya mata kananzir?" Aka ce gwamnati. Ta ware rabon mai kaza a kwando ta miƙa wa Malam Osman. Ya ce, "Mma, ina zan kai su?" Ta ce, "Ɗana, mu ba ma cin haƙƙin mai kaza. Gobe ba za ta yi mana kwanci ba." Ya yi dariya, ya karɓa da hannu biyu, ya juyo ya dangwara mini. "Sakatare, dukiyar ƙasa. Ka kula."

Saaka ya yi jawabi. Kalma huɗu ko biyar, amma jawabi ne.

Asabar, 27 ga Yuni

'Yan zabin nan gara suke so. Ni, Masahudu, da tukunya a bayan ƙauyen Kanvili ina haƙar gara. Allah ya sa ba wanda ya gan ni.

Alhamis, 2 ga Yuli

Ruwa tun safe, sanyi ya kama su, sun dunƙule suna kuka. Na zuba su cikin rigata na zauna kusa da akwati. Haka Awudu dillalin kaji ya same ni. Ya rage murya ya ce in ba shi na gwamnatin, in an tambaya in ce shaho ne, wa zai ƙirga? Na ce masa ba na sayarwa ba ne, ya rufe ƙofa iska na shigowa.

Farashinsa ne ba zai yi ba, na san Awudu. Ko da yake, yanzu da nake rubutawa, ban ma tambaye shi nawa ba.

Ƙaramar cikinsu ta yi barci a hammatata. Rubutun ya karkace.