Na Karya Dokar Aji a Sharaɗa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya dame ni, ke nake fara nema.

Kin tuna lokacin da kike sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfanin fata a Challawa? Ina dawowa daga makaranta sai ki zaunar da ni gefen tukunya, wai in mayar miki da darasin Turanci da Hausa. Ba ki taɓa shiga aji ba, amma da na fara kame-kame sai ki ce, "Abin da kika kasa faɗa min da Hausa, ba ki iya shi ba." Wallahi haushi nake ji a lokacin.

To, yanzu ni ke koya wa ma'aikatan wani kamfanin roba Turanci a Sharaɗa, bayan la'asar. Manaja ya kafa doka, ba a yin Hausa a aji. Cikin ɗalibaina akwai Malam Sabo, dattijon da ya shekara ashirin a kan inji ɗaya. An ce in bai ci jarrabawar karanta takardar bayanin inji da Turanci ba, za a sallame shi. Wata biyu yana zaune a baya, ba ya cewa komai sai gyaɗa kai.

Yau na kasa daurewa. Na karanta layi ɗaya daga takardar injin, na fassara wa Malam Sabo kalma biyu da Hausa, na ce, "Baba, ku ƙarasa mana da Hausa." Inna, sai ga bawan Allah yana bayanin injin nan kamar shi ya ƙera shi. Kafin magariba ya karanta layi biyar da kansa.

A bakin ƙofa maigadi ya shaida min manaja na nemana ranar Litinin. Ba zan ce na yi kuskure ba, ko da aikin zai tafi. Amma ina jin tsoro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Na iso gida Ɗorayi da labarin a bakina, har na yi sallama da ƙarfi. Ba wanda ya amsa. Tabarmarki na nan a naɗe inda kika bar ta. Shi ya sa na zauna na mayar miki da darasin yau, da Hausa, don ki san na iya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Binta